Yanar ido a jarirai: makonnin farko sun fi na'urar leza muhimmanci

Tun daga shekarar 2008, lokacin da likitan ido Zoltan Nagy ya fara amfani da hasken leza wajen cire yanar ido a Budafes ta ƙasar Hangari, ake kallon wannan fasaha a matsayin makomar aikin ido. A 2013 likitoci a Bochum ta Jamus suka ba da rahoton gwada ta a kan jarirai. Dalilinsu a fili yake: tantanin da ke lulluɓe da madubin idon jariri yana da danƙo, yakan yage inda ba a nufa ba, leza kuwa tana yanka shi daidai wa daida.

Sai dai babban binciken da aka yi a Faransa a kan manya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, bai nuna leza ta fi hannun ƙwararren likita sakamako ba, ga kuma tsada. A yara ƙanana har yanzu asibitoci ƙalilan ne ke gwada ta.

Ga mahaifiya a Suleja, abin da ke yanke hukunci shi ne lokaci. Jariri ba ya zuwa duniya da cikakken gani. Ƙwaƙwalwarsa ce ke koyon gani daga hasken da ido ke aika mata. Idan yana mai kauri ta rufe ido ɗaya tun haihuwa, likitoci sun fi son a cire ta kusan mako shida. Idan ido biyu ne, kafin mako goma. Da zarar an wuce wannan da nisa, ko an yi aikin da na'urar da ta fi kowace tsada, idon na iya washewa amma ganin ya ƙi dawowa yadda ya kamata.

Suleja na maƙwabtaka da Abuja. Akwai asibitin koyarwa a Gwagwalada, akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano. Kusanci da asibiti ba ya amfanar yaron da ba a lura da farin ɗigon da ke ƙwayar idonsa ba, ko wanda aka yi ta ɗiga wa magani a gida ana jiran ya girma. Wannan farin ɗigo wani lokaci alamar dajin ido ne, wanda ke iya cin rai.

Gwajin ganowa ba ya ɗaukar lokaci: a haska ƙaramar fitilar duba ido, a ga ko jan haske zai dawo daga cikinsa. Jarirai na zuwa rigakafi bayan haihuwa, sannan a mako na 6, na 10 da na 14. Da Gwamnatin Jihar Neja za ta horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani su riƙa wannan gwaji a ranakun, da an gano yara da dama a kan kari.

Rigakafin ƙyanda da rubela da Nijeriya ta ƙaddamar a watan Oktoban 2025 zai rage wani sanadin, domin rubela a farkon ciki na haddasa yana ga ɗan tayi. Bayan aiki kuma akwai tabarau, da rufe lafiyayyen ido don horar da mai rauni, da komawa asibiti shekara da shekaru. Kuɗin mota da na tabarau kan sa iyaye su yanke zuwa, kuma nan ne tallafin hukuma da inshorar lafiya za su fi ceton ganin yaro.