Dutse Ma Yana Son Yaɓe: Darasi Daga Borokiri

Ni dai a gidan ƙasa na tashi, kuma abin da na buɗi ido na gani shi ne, duk shekara kafin ruwan farko ya sauka sai mahaifinmu ya sa an kwaɓa ƙasa an bi katanga da yaɓe, an duba indararo, an toshe duk inda soro ya tsage. Ba wanda ke kallon wannan hidima a matsayin asara, domin kowa ya san idan aka tsallake ta shekara biyu, a ta uku sai dai a nemi inda za a raɓa. Saboda haka tun ina yaro na ɗauka ginin ƙasa ne kaɗai ke son lallashi, shi kuwa dutse da zarar an kafa shi magana ta ƙare. Ban gane kuskurena ba sai da na je hutu Fatakwal, wajen kawuna da ke zaune a unguwar Borokiri.

Wata rana da yamma muna zaune a rumfarsa, sai ga wani yaro ɗan garinmu ya zo ya tsuguna ya gaishe shi, fuskar nan ba annuri. Aikinsa shara da goge-goge a wani bene na shaguna da ofisoshi a cikin gari, wanda aka shimfiɗe ƙasansa da farin marmara. Da manaja ya ga daɓen ya fara duhu, sai ya sayo ruwan nan mai ƙarfi da ake wanke masai da shi, ya ce a zuba a dirje sosai. Gari na wayewa aka tarar ƙyallin ya mutu, wurin ya yi dabbare-dabbare, ga kaushi idan ka shafa. Nan take aka sallami yaron, aka kuma riƙe albashinsa na watan.

"Baba, wallahi abin da aka ba ni shi na zuba," in ji shi.

Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To ɗana, sai haƙuri. Kai ba ka sani ba, wanda ya ba ka ma bai sani ba, amma a kanka aka sauke."

Wannan magana ce ta sa na shiga tambaya da karance-karance, har na kai ga ra'ayin da nake son in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai a yau. Ra'ayin kuwa shi ne, duk wanda ya iya sayen dutse ya ƙawata gininsa na kasuwanci, to wajibi ne ya tanadi kuɗin kula da shi da kuma ilmin kula da shi, kuma zalunci ne a ɗora wa lebura laifin jahilcin da ya fara daga sama.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa a Fatakwal dutse baƙo ne. An kafa garin a 1912 domin ya zama tashar jiragen ruwa da za a riƙa fitar da kwal na Inugu, kuma an kafa shi ne a kan yashi da laka da taɓo na bakin kogin Bonny. Babu irin su Kufena ko Kwatarkwashi a wannan yanki. Hatta tsakuwar da ake zuba kankare da ita daga nesa ake ɗauko ta, daga wurare irin su Akamkpa a Jihar Kuros Riba da Ishiagu a Jihar Ebonyi. Shi kuwa marmara, ko dai a kawo shi ta jirgin ruwa daga ƙasashe irin su Italiya da Indiya, ko daga ma'adinan gida irin na Jakura a Jihar Kogi da Igbeti a Jihar Oyo. Ke nan duk falankin da ka taka a banki ko otal a garin nan ya sha hanya kuma ya ci kuɗi.

Bayan tsada, ga kuma yanayin da ba ya raga masa. Ruwan saman da ke sauka a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, wato ya ninka na Kano sau biyu ko fiye. Borokiri kuwa ruwa ne ya kusan kewaye ta, ruwa mai gishiri-gishiri da ke cikowa yana janyewa. Idan ba a sa abin tare danshi a ƙarƙashin daɓe ba, damshin ƙasa kan hauro ta ƙananan kafofin dutsen, ya bushe a sama, ya bar gishiri. Shi ne farin garin nan da ake gani a bakin haɗi, kuma sannu a hankali yakan sa fuskar dutsen ta riƙa ɓarɓashi. Sannan daga ƙarshen 2016 garin ya shiga bala'in baƙar ƙura, wadda aka fi danganta ta da haramtattun matatun mai na cikin surƙuƙi da kuma ƙona kayan da aka kama daga hannunsu, har ta kai a farkon 2022 gwamnatin Jihar Ribas ta yi shelar yaƙi da masu wannan sana'a. Wannan ƙura tana da maiƙo, idan aka bi ta da jiƙaƙƙen tsumma sai ta ƙara shigewa cikin dutsen maimakon ta fita. Ƙara da manja da baƙin mai da yashin da takalma ke kwasowa, sai ka ga dalilin da ya sa farin daɓe ke tsufa da wuri.

To, me ya sa ruwan wanke masai ya kashe daɓen nan? Amsar tana cikin asalin dutsen. Marmara ɗan'uwan dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti da shi, sai dai zafi da matsi na cikin ƙasa sun sauya masa kama. Duk wani abu mai tsami yana narkar da shi, tun daga asid har ruwan lemun tsami da ruwan tsamiya. Saboda haka abin da aka gani a benen nan ba tabo ba ne da sabulu zai fitar, fuskar dutsen ce aka cinye. Haka kuma yana da laushi. A ma'aunin taurin duwatsu da wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, sinadarin marmara yana mataki na 3, ƙwayar yashi tana na 7, daimon kuma yana na 10. Wato duk takalmin da ya shigo da yashi karce yake yi. Giranit kuwa, wanda shi ne jinsin duwatsun Kufena, yana tsakanin 6 da 7, kuma ɗan tsami bai cika yi masa illa nan take ba. A ido dai duk dutse ne mai sheƙi, amma halinsu ya sha bamban, kuma ɗigo ɗaya na lemun tsami a wani lungu da ba a gani ya isa ya bambance su.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ɓarnar da aka kori yaron nan a kanta tana da magani. Falankin marmara galibi kaurinsa ya kai santimita 2, abin da asid ya ci kuwa bai wuce fatar sama ba. Masu sana'ar suna da inji mai faifai da aka barbaɗa wa garin daimon. Sukan fara da mai kaushi su share fuskar da ta lalace, suna zuba ruwa, sannan su yi ta sauya faifai zuwa mai laushi, daga lamba 50 har zuwa 3,000, kafin su goge da garin fito da ƙyalli. Daga nan sai a shafa wani ruwa da ke shiga kafofin dutsen ya hana shi saurin shan mai da datti. Tabon manja kuwa, kwaɓa gari ake yi da ruwan da ke narkar da mai, a lafta a wurin, a rufe da leda kwana ɗaya ko biyu, idan ya bushe sai ya tsotso man. Haka ma tsohon tarazo da ke cikin gine-ginen shekarun 1970 da 1980, wanda tsakuwar marmara ce a cikin siminti, ana iya dawo da shi kamar sabo. Amma me muke gani? Da zarar daɓe ya dusashe sai mai gini ya kira a fasa, ko a lulluɓe shi da tayil, alhali yawancin tayil idan fuskarsa ta goge shi ke nan, ba ya gyaruwa.

Kula ta yau da kullum kuwa ba ta kai tsadar da ake zato ba. A shimfiɗa darduma mai tsawo a bakin ƙofa don ta tare yashi. A share ƙura a bushe kafin a sa ruwa. A yi amfani da sabulun ruwa marar tsami marar kaifi, a kuma riƙa sauya ruwan bokiti. Abin da ya zube a tsane shi nan da nan. Lokaci-lokaci a ɗiga ruwa a kan dutsen, idan wurin ya yi duhu cikin 'yan mintoci, to lokacin sake shafa masa abin kariya ya yi. Rigakafi dai ya fi magani.

Na san wani zai ce, ana ta kai wa ke ta kaya? Mutanen da ke fama da kuɗin haya da man janareta, ina su ina kwalliyar daɓe? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ma ban ce kowa ya sa marmara ba. Hasali ma ina ganin kuskure ne a shimfiɗa farin marmara mai santsi a matakalar waje a garin da ake ruwa kusan kullum, domin ban da saurin lalacewa yana kayar da mutane. Giranit mai ɗan kaushi ya fi dacewa da irin wannan wuri. Wanda ba zai iya hidimar ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma wanda ya riga ya zuba miliyoyi a ƙasa, ƙin kashe ɗan abin da zai tsare su ba tattali ba ne, domin kuɗin fasawa da sake shimfiɗawa, da kwanakin da shaguna za su yi a rufe, sun fi ƙarfin kuɗin gyara nesa ba kusa ba.

Ko a manyan wuraren duniya ba a barin dutse ya kula da kansa. Duk wanda ya yi ɗawafi da rana tsaka ya san sanyin farin marmaran da ke kewaye da Ka'aba, wanda aka kawo daga tsibirin Thassos na ƙasar Girka, ya kuma ga ayarin ma'aikatan da ke wanke shi dare da rana. A Indiya, da hayaƙin masana'antu ya fara rina Taj Mahal, sai da Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci a 1996 cewa masana'antun da ke kewaye su daina ƙona kwal ko su tashi. Abin sha'awa kuma, ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi wajen tsabtace ginin ita ce su lafta masa wata irin laka, su bar ta ta bushe, sannan su wanke. Ashe dai dutse ma yaɓe ake yi masa.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Iyayenmu mata sun san daɓe, sun san yadda ake jiƙa makuba a yayyafa don ya yi ƙarfi ya yi sheƙi, har da waƙoƙin da muke nazari a aji a yau. Magina sun san laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara don kada ruwa ya ci bango. Hatta dutsen niƙa idan ya yi santsi akan sa makoɗi a koɗa shi. Wato al'adar gyara tana cikin jininmu, sabon kayan gini ne ya zo mana ba tare da iliminsa ba. Ina ganin matasanmu da ke gadi da dako da shara a Fatakwal da Anaca da Inugu suna zaune kusa da sana'ar da ba su lura da ita ba. Idan shugabannin al'ummarmu na can da attajiransu suka tura yara kaɗan suka koyi aikin injin nan, suka haɗa musu kuɗin sayensa ko hayarsa, wanda ake kora saboda daɓe zai zama wanda ake nema saboda daɓe.

A nan ne kuma namu aikin ya shigo, mu ɗaliban harshe. Gargaɗin da zai ceci yaron nan yana rubuce a jikin kwalbar da aka ba shi, amma da Turanci, da ƙananan baƙaƙe. Ko da an so a yi masa bayani da Hausa, da waɗanne kalmomi? Kalmar marmara kanta a asalin Hausa tana nufin jan dutsen nan mai rami-rami da ake haƙa a kududdufi, yanzu kuma mun ɗora mata farin dutsen ado, 'yan kasuwa kuma suna cewa mabul. Giranit ba mu da tsayayyen suna gare shi, sai dai mu ce dutse. Kullum muna taron ƙirƙirar kalmomi kan kimiyya da siyasa, amma mun bar kalmomin da lebura ke buƙata don ya tsira da abincinsa. Me zai hana ɗayanmu ya ɗauki wannan a matsayin kundin digirinsa, ya bi magina da masu tarazo da masu sayar da falanki, ya tattara abin da suke faɗa, ya fito da 'yar takarda mai shafi biyu da boko da ajami, wadda za a manna a ɗakin ajiyar tsintsiya?

Daga ƙarshe, ina kira ga masu gine-gine da manajojinsu da su tambayi sunan dutsen da suka saya da abin da yake so da abin da ba ya so, su sa kuɗin kula da shi cikin kasafin shekara kamar yadda iyayenmu ke ware na yaɓe, su kuma koya wa mai shara kafin su hukunta shi. Yaron nan dai kafin hutuna ya ƙare ya koma dako a kasuwar bakin ruwa, albashinsa kuma bai fito ba. Ranar da zan taho na bi ta gaban benen, na hango an tara kwalayen tayil a bakin ƙofa, ga masu guduma suna jiran a ba su izini. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya sa mu gane.