Bilicin da "sha ka fashe": Me ya sa 'yan matan Kumbotso ke neman sanin jikinsu a wajen mai kemis?

A watan Fabrairun 2024, hukumar NAFDAC da hukumar kula da sana'ar harhaɗa magunguna ta ƙasa suka rufe shagunan magani fiye da 1,000 a yankin Sabon Gari da ke Kano. Manufar ita ce dillalai su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, a kan titin Zariya, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, inda za a fi sa ido a kan abin da ke shiga da fita.

An sauya wa 'yan sari matsuguni, amma a lungunan Panshekara da Sheka da Chiranci ciniki bai sauya ba. Yarinya 'yar shekara 14 tana iya sayen man bilicin ko ƙwayar ƙara ƙiba ba tare da takardar likita ba, kuma da wuya a tambaye ta me za ta yi da su.

Abin da ke cikin kwalbar

Tun a watan Fabrairun 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Ta kafa hujja da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da suka nuna kashi 77 cikin 100 na matan ƙasar na amfani da mayukan sauya launin fata.

Da yawan mayukan, musamman haɗin da ake zubawa a robar da ba ta da suna, na ɗauke da sinadarin hydroquinone ko mercury ko steroid. Na farko kan bar baƙin tabo mai wuyar gogewa, na biyu na lalata ƙoda, na uku kuma na sa fata ta yi siriri har ciwo ya riƙa jinkirin warkewa.

Ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" su ma sau da yawa dexamethasone ne, wanda steroid ne, ko cyproheptadine mai buɗe ciki. Kumburin fuskar da dexamethasone ke kawowa ba ƙibar lafiya ba ce. Yawan shansa na jawo hawan jini da ciwon suga, yana kuma rikita jinin al'ada. A nan matsalar ta haɗu da rashin sani: yarinyar da ba a taɓa gaya mata yadda lafiyayyar al'ada take ba, ba za ta gane lokacin da tata ta rikice ba.

Wa zai faɗa mata?

Shekarun balaga lokaci ne da jiki ke sauyawa da sauri, ƙirji ya fito, ƙuraje su feso a fuska. A da, kaka ko goggo ke jan yarinya ɗaki ta yi mata bayani, domin uwa na jin nauyi, balle ga 'yar fari. A unguwannin da suka cika da masu neman aiki a masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, iyalai da dama na zaman haya ne, sun baro dangi a ƙauye. Kunyar ta biyo su birni, kakar kuwa tana can.

Islamiyya na cike wani gurbi, tunda littattafai irin su Ahalari da Risala na koyar da hukuncin haila da wankan tsarki. Sai dai ba aikinsu ba ne bayanin ƙarancin jini ko ciwon sanyi ko illar magani.

A makarantun boko akwai manhajar ilimin rayuwar iyali da cutar HIV tun 2003, amma a 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin cire ilimin jima'i daga manhajar matakin farko, yana mai cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Abin da ya rage wa yarinya shi ne ƙawa, da mai kemis, da masu tallar "gyaran jiki" a TikTok.

Dokoki sun zo, bayani bai iso ba

Gwamnati ba ta zauna haka nan ba. Kano na cikin jihohin farko da aka fara allurar rigakafin HPV, mai kare mata daga sankarar bakin mahaifa, ga 'yan shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Shirin AGILE na Bankin Duniya shi ma yana da darasin dabarun rayuwa ga 'yan matan sakandare.

Amma gwajin aure na zuwa ne bayan shekarun da aka fi yin ɓarnar, shirin makaranta kuma ba ya kaiwa ga mai talla ko wadda aka cire daga aji. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari, kuma adadin ya fi haka a Arewa maso Yamma.

Mafita ba ta buƙatar a yi faɗa da al'ada. Malamar Islamiyya da ke koyar da babin haila za ta iya gayyato ungozoma daga asibitin sha-ka-tafi su zauna aji ɗaya. Binciken da ake yi a Dangwauro kuma sai ya sauko zuwa kemis na unguwa da masu haɗa mai a gida. Sannan samari da iyayen miji da ke sa hasken fata cikin sharuɗɗan zaɓen amarya su san cewa su ne kasuwar da wannan kwalba ke yi wa hidima.