Tasawa da Mayahi: Ba kowane ciwon maƙogwaro ne na wanzami ba

Da hunturu ya kama a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, ƙura da sanyi kan zo da ciwon maƙogwaro, musamman ga yara. A ƙauyuka da dama wanzami ake fara kira ya cire beli.

Matsalar ita ce beli ba shi ne ke kawo cutar ba. Galibi ƙwayar mura ce, wadda kan wuce da kanta cikin mako guda. Wani lokaci kuma ƙwayar bakteriya ce, wadda idan ba a kashe ta da magani irin su amoksisilin ba, tana iya lalata zuciyar yaro shekaru bayan haka. Aska ba ta maganin ko ɗaya, sai ma ta jawo zubar jini ko sandarewar haƙora.

Mafi haɗari shi ne mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ya kuma addabi Matamaye a jihar Damagaram, maƙwabciyar Tasawa, a 2023. Alamominsa sun haɗa da farin yaɓi a maƙogwaro, kumburin wuya da wahalar numfashi. Allurar rigakafin da ake yi wa jarirai a mako na 6, 10 da 14 tana kare su.

Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, sai dai kuɗin mota da nisan gidan likita na hana iyaye zuwa. Nan ne masu aiko da kuɗi daga Legas, Agadas ko Libiya ke da ta cewa: idan aka kira aka ce yaro ya kasa haɗiya, kuɗin ya fara kai shi gidan likita.