Shafin Malami: Rumbun Majigi A Cikin Gida

A wannan wata za mu yi magana a kan abin da 'ya'yanmu suke kallo, da wata dabara da za ta sa mai gida ya san abin da yake shiga gidansa.

A dā a fili ake nuna majigi, babba da yaro suna zaune tare, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa yake gani. Yanzu kowane yaro ya sunkuya a kan waya, kuɗin data yana ta zurarewa, uba kuwa bai san abin da aka kalla ba. Faɗa kaɗai ba ya magance wannan. Wanda ya hana yaro ruwan kududdufi, sai ya ajiye masa randa.

Dabarar ita ce a gina rumbu. Ana ajiye kwamfuta guda a gida, a haɗa ta da babban faifan ajiya, a zuba fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a ciki. Kowace waya ko talabijin sai ta ɗiba ta hanyar rautar gida, ba tare da an ƙona data ba. Abin da aka sauke sau ɗaya ya ishi gida duka.

Kayan ba su da yawa. Tsohuwar laftof ta isa, tana ma da amfani guda, gama in batirinta yana da rai takan ci gaba da aiki sa'ad da aka ɗauke wuta. Akwai kuma Raspberry Pi, 'yar kwamfuta kamar tafin hannu, wadda aka fara sayarwa daga Ingila a 2012. Samfuri na 4 ba ya cin wutar da ta wuce wat 15, saboda haka ƙaramin sola da batir suna iya riƙe shi. Faifai mai terabait 1 yana ɗaukar gigabait 1,000, wato fina-finai wajen 500 in kowanne gigabait 2 ne. Sai a ɗora wa kwamfutar tsarin Linux, kamar Debian ko Ubuntu, kyauta ne.

Yanzu sai maganar kwantena. Kun san manyan akwatunan ƙarfe da ake saukewa a Apapa, kowanne da kayansa a rufe, ba ya cuɗanya da na kusa. Haka manhajar Docker, wadda ta fito a 2013, take yi wa sauran manhajoji. Kowace tana zaune cikin kwantenarta da dukan abin da take bukata. In guda ta lalace, a jefar da ita a ɗauko sabuwa, fina-finan kuwa suna nan lafiya, domin a waje aka ajiye su a kan faifai. Da Docker Compose ana rubuta tsarin duka a shafi guda, har wani ya iya sake gina shi gobe.

Kwantena ta fari ita ce Jellyfin, manhajar kyauta da aka fara a 2018. Ita ce take jera kaya kamar kantar littattafai. Ana buɗe ta daga waya da lambar kwamfutar, a ƙara 8096 a ƙarshe. Kowa yana da sunansa da kalmar sirrinsa, uba ko uwa kuma suna iya tsai da sashen da ƙaramin yaro zai gani.

Ta biyu ita ce qBittorrent ko Transmission. Kwamfutar da take wannan aiki dare da rana ita ce Turawa suke kira akwatin iri. Wani Ba'amurke, Bram Cohen, ya ƙago hanyar BitTorrent a 2001. Ana yanka babban fayil gunduwa-gunduwa, kana karɓa daga mutane da yawa, kai ma kana ba waɗansu abin da ka riga ka samu. Kamar manomin da aka ranta wa iri ne, in kaka ta yi sai ya mayar domin wani ya shuka.

A nan ne Kirista zai yi hankali ƙwarai. Hanyar ba ta da laifi, amma mutane da yawa suna bi ta kanta su kwashi fina-finai da waƙoƙin da masu su ba su yarda ba. Wannan sata ce, ko da ba a fasa ƙofar kowa ba, doka ta takwas kuwa ba ta ware kwamfuta ba. Dokar ƙasa ma ta hana, an sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya a 2023. Masu shirya fina-finan Hausa da mawaƙan bishara sun daɗe suna kuka a kan masu kwafe guminsu. Ku tuna, mai saukewa ta wannan hanya yana rabawa a lokaci guda, lambar layinsa kuma a bayyane take ga dukan waɗanda suke musayar. Yaya uba zai tsawata wa yaro don ya ɗauki naira ɗari, alhali rumbunsa cike yake da kayan wani?

Abin halal yana da yawa. Akwai fim ɗin Yesu na 1979 da aka juya zuwa Hausa, a karɓe shi daga hannun masu shi. Internet Archive tana ba da tsofaffin fina-finai da littattafan da haƙƙinsu ya ƙare. Kiwix tana ba da Wikipedia a karanta ba tare da intanet ba, abin taimako ga 'yan makaranta. Ga hotunan aure, ga waƙoƙin zumuntar mata, ga wa'azin fasto in ya ba da izini.

Abu uku kada a manta. A sa iyaka ga abin da akwatin yake aikawa waje, in ba haka ba zai cinye datar wata kafin mako ya cika. A canja kalmar sirrin da manhaja ta zo da ita, kada kuma a buɗe rumbun ga mutanen waje. Hotunan iyali kuma a yi musu kwafi na biyu a wani faifai, gama faifai yakan mutu ba sallama.

Iyayen da aikin ya yi musu nauyi su nemi wani saurayi mai aminci a ikilisiya ya haɗa musu, amma zaɓen abin da zai shiga rumbun ya zauna a hannunsu. In an gama, a sa rana guda a mako a zauna a kalla tare, a tambayi yara abin da suka koya. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.