LIBARBA A ALJIHU BA TSARO BA NE



Tun bayan sace-sacen mutane da aka yi a Ƙaramar Hukumar Bwari a watan Janairun 2024, wasu ke bin majalisu suna zuga magidanta cewa duk mai zuwa gona a daji ko mai bin hanyar Kaduna zuwa gida ya nemi babbar libarba ya soke a ƙugu. Har cewa suke wai ai haƙƙin ɗan ƙasa ne. To, mu dai muna cewa wannan shawara ce ta halaka.

Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Bindigar toka, Kwamishinan 'Yan Sanda ke ba da izininta. Bindigar farauta, sai da lasisin Sufeto Janar. Amma libarba da fistol suna cikin jerin haramtattun makamai, layi ɗaya da mashinga da gurneti, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Wanda aka kama da ita ba izini, ɗaurin da doka ta tanada bai gaza shekara 10 ba. Wa zai ciyar da iyalinka a shekarun nan? Mai zugar?

Suna kafa hujja da tsohon Gwamna Bello Matawalle, wanda a 2022 ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga. Ba su faɗa muku cewa Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko ba.

Sa'annan mu tambayi kanmu: harsashi shida ne zai tare gungun 'yan bindiga masu AK-47? Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ma, da jami'an tsaro a cikinsa, an tare shi a watan Maris na 2022.

Abin da ya fi damunmu shi ne matsayinmu na baƙi. A watan Maris na 2025, mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah aka kashe su a Uromi ta Jihar Edo, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da aka kama Bahaushe ɗaya da libarba a Kubwa, kowane mai shayi da ɗan acaba namu ya zama abin zargi. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Haƙƙinmu na gaskiya yana cikin Tsarin Mulki na 1999, Sashe na 14, wanda ya ɗora tsaron jama'a a wuyan gwamnati. Shi za mu nema, a rubuce, daga ofishin 'yan sanda har zuwa Ministan Abuja. Kafin nan, a yi tafiya da rana, a tafi cikin ayari, a sanar da Sarkin Hausawa duk wanda ya zo tallar makami.

Allah Ya tsare mu, amin.

Sakataren Ƙungiya