Injin neman zinare ko injin cin kuɗin talaka?

Jama'a ku yi haƙuri, yau sai na faɗa. Wani abokin aikina ya ci bashin ofis ya sayi na'ura mai eriya, wai tana hango zinare daga nesa, har zurfin mita 20. Wata huɗu yana daji, ko kamar ƙwayar gero bai samu ba, ga albashi ana ta yanka.

Tun da zinare ya fashe a Jado ta Nijar a 2014, 'yan damfara suka samu kasuwa. Na'urar gaskiya faifai gare ta, ana jan sa dab da ƙasa. Gold Monster 1000 ta fi jin ƙananan gutsattsari na sama-sama. GPX 5000 ta fi nutso, ta fi jure jar ƙasa mai ƙarfe, amma ko ita da ƙyar take kai mita ɗaya, kuma jabunta sun cika kasuwa.

Alhaji mai shago, in injinka yana hango zinare daga nesa, me ya zaunar da kai a shago?

Kafin ka biya, a binne gutsure a gwada a gabanka. In ya ƙi, riƙe kuɗinka. Allah Ya ganar da mu.