Na'urar 3D mai ƙera kaya: Ina makomar masu sayar da kayan gyara?

Idan dai ba a manta ba, a shekarar 2013 wani matashi a birnin Lome na ƙasar Togo mai suna Kodjo Afate Gnikou ya haɗa na'urar 3D da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da aka zubar a bola. Mu da ke cin abinci a kasuwannin kan iyaka, bai kamata mu ɗauki wannan labari na 'yan boko kaɗai ba.

Yadda na'urar ke aiki shi ne, a zana abin da ake so a kwamfuta, sai ta riƙa narkar da zaren roba tana ɗora shi hawa-hawa har abin ya fito. Ba sabuwar fasaha ba ce, domin tun 1986 wani Ba'amurke, Chuck Hull, ya samu haƙƙin mallakar wani nau'inta. Sai dai ba ta yi araha ba sai bayan 2009, lokacin da wa'adin haƙƙin mallakar nau'in mai narkar da roba ya ƙare, ƙananan kamfanoni suka shigo.

Amfaninta ya fito fili a 2020, lokacin annobar korona, inda wani kamfani a Brescia ta ƙasar Italiya ya ƙera wa wani asibiti bawul ɗin na'urar numfashi da ya yanke. Mu ma mun san zafin yankewar kaya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023, kuma kowa ya ga abin da ya faru a Illela da Maigatari da Jibiya.

To shin za ta kashe kasuwar masu shigo da kaya daga Sin? A ganinmu, da sauran rina a kaba. Ƙaramin abu ɗaya kan ci awoyi kafin ya kammala, alhali masana'antar Guangzhou na zuba dubbai a wuni. Ga matsalar wutar lantarki, domin idan ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sau da yawa asara ce. Bugu da ƙari, roba ba ta maye gurbin ƙarfe a cikin inji, na'urorin da ke aiki da ƙarfe kuwa tsadarsu ta fi ƙarfin ɗan kasuwa.

Inda za ta yi tasiri shi ne kayan da ba a cika nema ba: murfin tsohon janareta, maɓallin fanka, ko samfurin da za a nuna wa masana'anta kafin a ba da oda mai yawa. Irin waɗannan su ne kan kwantar mana da jari shekara da shekaru a shago.

Don haka muna ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa shawara su tura yaranmu koyon zane a kwamfuta tun yanzu. Kuma kada mu manta, zaren robar da na'urar ke ci shi ma haja ne, wani ne zai shigo da shi.